Dalilin da Ya Sa Maganin Zazzabin Cizon Sauro Ke Daina Aiki

Ƙwayoyin cutar zazzabin cizon sauro ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan aka sha magani, raunana sukan mutu, 'yan kaɗan masu juriya su tsira. Su ne ke hayayyafa, suna gadar wa zuriyarsu juriyar har su rinjayi sauran. Wannan tsari na tacewa tsakanin halittu, masanin Ingila Charles Darwin ya bayyana shi a 1859.

Ta haka kulorokwin ya rasa tasirinsa, har Nijeriya ta koma ga magungunan ACT a 2005. Don kare su, ana kira ga jama'a da su yi gwajin jini tukuna, kuma su kammala shan maganin na kwana uku ko da sun ji sauƙi. Ana roƙon hakimai da dagatai su isar da wannan saƙo.