Sanyaya Iska a Motar Fetur da Lantarki: Tsimin Mai da Lafiyar Batir

Motar da ta haɗa injin fetur da na lantarki ta sha bamban da saura wajen sanyaya iska. A Toyota Prius, tun daga samfurin 2003, babban batir ne ke juya kwampiresa, ba bel ɗin inji ba. Shi ya sa sanyi ba ya yankewa ko da injin ya yi shiru a cunkoso. Sai dai in aka matsa wa na'urar, caji kan ja baya, injin ya tashi domin cike giɓin, fetur ya ƙone mota tana tsaye.

Saboda haka, idan mota ta sha ranar bazara, ya kyautu direba ya fara sauke gilasai hucin ya fice, sannan ya kunna na'urar, ya danna maɓallin juya iskar ciki, domin ƙara wa mai sanyi sanyi ya fi sauƙi.

Haka nan, da iskar cikin motar ake fifita batir, ta wata kafa kusa da kujerar baya. Toshe ta da kaya, ko barin ƙurar hunturu ta cike ta, kan sa batir ya ɗau zafi ya tsufa da wuri, canza shi kuwa ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.