Kariyar Keke A Bayan Mota Mai Ɗaki: A Auna Kafin A Saya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da za mu kira mota mai ɗaki. Gabanta mota ne, bayanta kuwa ɗaki ne sosai, da gado da murhu da makewayi da tankin ruwa. In hutu ya zo, magidanci ya kan kwashi iyalinsa a ciki su yi ta yawo, inda dare ya yi musu nan ne gida. Amma fa motar doguwa ce mai faɗi, ba ta shiga lungunan tsofaffin garuruwa, ba ta kuwa samun wurin tsayawa a bakin kasuwa. Saboda haka in an sauka a zango sai a bar ta nan, a hau keke a shiga gari. Shi ya sa sau da yawa a kan ga kekuna biyu ko uku ɗaure a bayanta.

Abin da a ke ɗora kekunan a kai shi ne kariya, 'yar'uwar wadda direbobinmu su ke girkawa a saman mota. Kamfanoni da yawa su na ƙera ta. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Fiamma na Italiya, da Thule wanda aka kafa a Suwidin cikin 1942. Mai saye ya kan shiga kanti ya duba ƙyalli da farashi, ya ƙirga kekuna nawa za ta ɗauka, ya biya. To, a nan ne kuskure ya ke farawa. Zaɓen kariya aikin lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare mai ƙwazo ba.

Bari mu fara da ire-irenta, guda huɗu ne. Ta farko ita ce wadda a ke ɗaurewa da kusoshi a bangon bayan motar. Ita ta fi yawa, kuma galibi iyakar abin da maƙeranta su ke yarda ta ɗauka kilo 60 ne. In motar mai ƙyamare biyu ce a baya, akwai wadda a ke maƙalawa a jikin ƙyaure, amma ita kam yawanci ba ta wuce kilo 35. Ta biyu ita ce mai hawa kan ƙugiyar jan tirela. A Turai kan ƙugiyar dunƙule ne mai kaurin milimita 50, a Amurka kuwa rami ne mai kusurwa huɗu, wanda ya fi yawa mai faɗin inci 2. Ta uku ita ce wadda a ke haɗawa da shasin motar ta ƙasa, ta fi duka ƙarfi da nauyi da tsada, har ƙaramin babur ta kan ɗauka. Ta huɗu a cikin motar ta ke, a sito da a ke yi ƙarƙashin gadon baya. Nan keke ya tsira daga ruwan sama da idon ɓarawo.

Tambaya ta fari ita ce nauyin kekunan. Keke irin wanda muka sani ya kan kai kilo 12 zuwa 15. Keke mai batir, wanda ya bazu a Turai cikin shekarun nan, ya kan kai kilo 25. Ashe ke nan kariya mai gurbin keke huɗu ba za ta ɗauki masu batir ko da uku ba, domin uku sun zama kilo 75, sun wuce 60. Har wa yau kowane gurbi ya na da iyakarsa dabam, lalle ne a karanta a takardar da ta zo da kariyar. Cire batir a sa cikin mota ya na rage kamar kilo 3 daga kowane keke.

Tambaya ta biyu ta fi wuyar gani, don ita ido ba ya nuna ta. Kowa ya san jigon ban ruwa a lambu: in ka danne wannan kai, wancan ya tashi. Haka mota ta ke. Ƙafafun baya su ne gwafar jigon, duk abin da aka rataya a bayansu ya na danne su, ya na kuma ɗaga gaban motar. Ga misali. A ce tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 4 ne, kamar yadda ya ke kusan haka a doguwar Fiat Ducato, wadda a kanta a ke gina da yawa daga motocin nan a Turai. A ce kuma kekunan su na mita 2 bayan ƙafafun baya. Kekuna biyu masu batir kilo 50, kariyar kanta kilo 10, jimla 60. Daga ƙafafun gaba zuwa kekunan mita 6 ke nan. Sai a yi 60 sau 6, a raba da 4, ya ba da 90. Watau kilo 60 ka ɗora, amma ƙafafun baya kilo 90 su ke ji, na gaba kuwa sun yi sauƙi da kilo 30. Ƙafafun gaban nan su ne masu sitiyari, a Ducato kuma su ne masu jan motar. In suka yi sauƙi ainun, mota ta kan yi ta lilo cikin iska, ta kan yi santsi a hawa in ƙasa ta jiƙe, tayoyin baya kuwa su yi zafi saboda lodi.

To, yaya mutum zai san ko motarsa za ta jure? A jikin kowace mota akwai ɗan allo da maƙera suka manna, an rubuta iyakar nauyin motar duka, da iyakar ƙafafun gaba, da ta na baya. Sai a yi lodi kamar ranar tafiya, da mutane da ruwa da tukunyar gas da abinci, a tafi sikelin awon motoci, a auna gaba dabam, baya dabam. Abin da ya rage tsakanin awon da iyakar da ke allon, shi ne abin da kariya da kekuna za su ci. Kada a dogara ga nauyin da ke cikin littafin talla, gama dokar Turai ta yarda ya saɓa da gaskiya da kashi 5 cikin 100, kuma direba mai kilo 75 kaɗai aka lissafa a ciki. Tankin ruwa mai lita 100 shi kaɗai kilo 100 ne. A Ingila wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairu 1997, lasin ƙaramar mota bai ba shi ikon tuƙa mai shan mai da iyakarta ta wuce kilo 3,500 ba, don haka a ke ƙera da yawansu daidai wannan iyaka, ba wani rara mai yawa. Wanda aka kama da lodi fiye da ƙa'ida tara ce, in kuwa haɗari ya auku ya na iya samun gardama da 'yan inshora.

Tambaya ta uku, a jikin me za a ɗaura? Bangon motar nan ba bangon tubali ba ne. Fallen gorar ruwa ne ko na roba mai tauri a waje, soso a tsakiya, siririn katako a ciki, duka kaurinsa kamar santimita 3. Maƙera su kan sa katako ko ƙarfe a waɗansu wurare musamman domin kusoshin kariya. Wanda ya huda ba nan ba, kusoshi za su yi ta cin bangon da kowane gargada. In ba a toshe hudar da kyau ba kuma, ruwa ya shiga ya ruɓar da bangon a ɓoye, gyaransa ya ninka kuɗin kariyar. Ita ma ƙugiya ta na da nauyin da aka buga a jikinta, wanda za ta iya ɗauka a tsaye. Tsakanin iyakar kariya da ta ƙugiya da ta ƙafafun baya, wadda ta fi ƙanƙanta ita za a bi. A Amurka masu ƙera kariya su kan faɗa a fili ko tasu ta dace da mota mai ɗaki, domin jijjigar da ke can ƙarshen doguwar mota ta fi ta ƙaramar mota nesa ba kusa ba.

Sa'an nan sai doka. Kada kekuna su rufe lambar mota ko fitilun baya. In sun rufe, a sa wani allo mai lamba da fitilu a bayansu. A Italiya da Sifen kayan da suka zarce bayan mota a kan rataya musu allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 tsawo, 50 faɗi. Mai haye teku daga Doba zuwa Kale kuma ya faɗi tsawon motarsa har da kariya, don da tsawo a ke yanka kuɗin jirgin fito.

Daga ƙarshe mutum ya dubi ƙarfinsa. Kariyar bango ta kan yi sama, ɗaga keke mai kilo 25 zuwa kafaɗa kuwa ba wasa ba ne ga dattijo. Akwai mai saukowa ƙasa in an juya mata hannu, amma ita ma ƙarin nauyi ce, sai a sake lissafi da ita. A kuma gwada ko ƙofar baya da taga za su buɗu in an ɗora kekunan. Duk wannan a yi shi tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu na roƙon malaman makaranta su ɗauki misalin jigon nan su kai aji. A canza tsawon motar, a canza nauyin kekunan, a bar yara su gano da kansu nawa ƙafafun baya za su ji. Yaron da ya gane shi zai gane abin da ya sa babbar mota ta ke ɗaga kai in an tula mata kaya a wutsiya. Allah ya kiyaye hanya.