Keke a Hanyar Burji: Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Duwatsun Kudancin Kano

Titin Zariya, wanda ya bi ta gefen Gyaɗi-Gyaɗi ya wuce gaban Asibitin Malam Aminu Kano, ya ratsa Unguwa Uku da Na'ibawa, shi ne ƙofar Kano ta kudu. Ba titin mai keke ba ne, domin tirela da tanka da 'yan adaidaita sahu ba sa raga wa kowa. Amma wanda ya daure har ya tsallake gadar Tamburawa, ya sauka daga kwalta, zai tarar da ɗaruruwan hanyoyin burji da burtali da turbar ƙafa, waɗanda suka saƙa ƙauyukan Dawakin Kudu da Kura da Bunkure da Rano. Irin waɗannan hanyoyi ne matuƙa keke na Turai da Amurka suke biyan kuɗin jirgi su je nema a yau.

Tseren keke a kan tsakuwa bai daɗe da yin suna ba. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, suka yi tseren mil 200, wato wajen kilomita 320, a kan hanyoyin gona na tuddan yankin. Wannan tsere shi ake kira Unbound Gravel yanzu, kuma dubban mutane ne ke shigarsa. A Italiya akwai Strade Bianche, wanda tun 2007 yake bin fararen hanyoyin tsakuwa na tuddan Tuskani. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a 2022, ita ma a Italiya. A nahiyarmu kuwa, Kenya ta fara Migration Gravel Race a 2021, tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara. Abin da ya kori mutane daga kwalta a can shi ne abin da ke korar mai keke daga Titin Zariya, wato mota.

Keken da masana'antu suka ƙera don wannan wasa firam ɗinsa irin na keken tsere ne, mai lanƙwasasshen kai, sai dai tayarsa ta fi kauri. Ta keken kwalta faɗinta milimita 25 zuwa 30 ne, ta keken tsakuwa kuwa 38 zuwa 50. Tsohon Raleigh baƙi, wanda har masana'antar haɗa shi aka yi a Bompai, da ƙanensa Phoenix na Sin, tayarsu inci 28 ce da faɗin inci ɗaya da rabi, kusan milimita 40. Ke nan faɗin da injiniyoyi suka tsaya a kai bayan gwaje-gwaje, shi manomin Bunkure yake ɗora buhun masara a kansa tun zamanin kakanni. Inda suka rabu shi ne nauyi da giya da birki. Baƙin keke ya kai kilo 20, na zamani bai cika wuce 10 ba. Baƙin keke giyarsa ɗaya, don haka in an zo hawa sai a sauka a tura. Birkinsa na sandar ƙarfe ne da ke matse rim, in rim ya jiƙe kuwa sai addu'a.

Duk da haka ba keke ne ke kai mutum gida ba, sanin ƙasa ne. Hanyar burji ba iri ɗaya ba ce, takan sauya sau uku a cikin tafiyar rabin sa'a.

Jar marmara da aka daddaɓe ita ce sarauniya. Tana da tauri, taya na kama ta, gudu a kanta bai gaza na kwalta da yawa ba. Aibinta gargada, waɗannan ƙananan kunyoyi da ke jeruwa a gicciye inda motoci suka yawaita gudu a kan busasshiyar hanya. Sabon shiga yakan ɗura wa taya iska har ta yi ƙam, a zatonsa hakan ne gudu. A gargada akasin haka ne: taya mai tauri tsalle take yi, ƙarfin mutum ya ƙare a girgiza, hannu ya mutu. In aka ɗan rage iska sai taya ta kwanta ta shanye girgizar. In kuma aka zarce wajen ragewa, dutse ɗaya zai matse tub da rim, ya bar huda biyu gefe da gefe. Mai faci da ya gan su ba ya ma laluben ƙaya, zai ce, “Malam, iskarka ce ta yi kaɗan.”

Yashi shi ne babban abokin gaba, musamman a jigawa da mashigin rafi. Da zarar tayar gaba ta nutse, jiki yakan so ya murɗa kan keke don ya gyara, kuma wannan murɗawar ce ke kayar da mutum. Dabarar ita ce a ja jiki baya a kan sirdi, a sassauta riƙo, a sa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a ci gaba da taka feda ba tsayawa. Yaran ƙauye da ke zuwa ɗiban ruwa da jarkoki huɗu ba wanda ya karantar da su wannan, faɗuwa ce ta koya musu.

Sai ƙaya. Tsidau, wanda ke shimfiɗe a gefen hanya, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, su ne ke ciyar da masu faci. Kekunan zamani da yawa ba su da tub, wani ruwan danƙo ake zubawa a cikin taya ya toshe ƙaramar huda da kansa. Abu ne mai kyau, sai dai in taya ta yage a bayan garin Rurum, mai facin da ke gindin bishiya tub da gam ya sani. Mai hankali yakan tafi da tub ko da kekensa ba ya bukata.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ta bakin magudanan noman rani na Kura da Kadawa da Garun Malam. Shimfiɗaɗɗiya ce, ga shinkafa da alkama da tumatir hagu da dama, ga mutane ko'ina. Ruwan magudanan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Kano ba ta da teku, bakin Tiga ne gaɓarta: iska mai ƙarfi, kwale-kwalen masunta, da duwatsun Rurum da na Rano a kusa. Masu tseren Tro-Bro Léon a gaɓar Biritani ta Faransa, wanda ake yi tun 1984 a kan hanyoyin gona, da iskar teku suke fama. Mai keken Tiga da iskar hunturu yake fama, kuma da yake daga arewa maso gabas take busowa, tana tura shi a tafiya, ta tare shi a dawowa lokacin da ƙafa ta riga ta gaji.

Daga Rano ƙasa ta fara tashi. A gangara mai tsakuwa, damƙe birkin gaba da ƙarfi shi ne hanya mafi kusa zuwa asibiti. A hankali ake matsa na gaba da na baya, tun kafin kwana. Hawa na sosai yana can ƙuryar kudu, a ƙaramar hukumar Doguwa, inda duwatsun Riruwai, tsohuwar mahaƙar kuza, suka haura mita 1,000, alhali birnin Kano bai kai 500 ba. Tsakanin Rano da Riruwai akwai dajin Falgore, wanda ya yi shekaru yana ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu. Ba wurin da mutum zai shiga shi kaɗai ba ne, ko ba tare da jin ta bakin mutanen yankin ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu hanya ta bushe, rafuka sun janye, sai dai ƙura. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka tafiya daga asuba ce zuwa hantsi. A Agusta laka ta fadama takan cushe tsakanin taya da firam har keke ya ƙi motsi, kuma kwalbatin da taswirar waya ta nuna wataƙila ruwa ya tafi da shi tun makon jiya. Shi ya sa masu bin waɗannan hanyoyi suke tsayawa a bakin gona su yi sallama: “Sannu da aiki, Baba. Hanyar nan ta ɓulle Bunkure?” Amsar takan zo da abin da babu a waya: “Ta ɓulle, ɗana, amma rafin gaba ya kawo. Koma ka bi ta burtali.”