Ormon na tiroyid da samar da ɗumi a jikin ƙananan tsuntsaye

Zafin jikin ƙaramin tsuntsu yana tsakanin digiri 40 da 42. Ga tsuntsu kamar jan baki, wanda nauyinsa bai wuce wajen giram 20 ba, riƙe wannan zafi aiki ne mai tsada, domin fatarsa tana da faɗi in an gwada da nauyinsa, ɗumi kuwa ta fata yake fita. A daren ɗari, lokacin hunturu, asarar takan ƙaru ƙwarai.

Tiroyid na tsuntsu ƙullutu ne guda 2 a gindin wuya. Suna fitar da tiroksin (T4), wanda hanta da wasu gaɓoɓi ke cire wa iyod guda ya koma T3. Shi T3 ne mai aikin. Yana shiga cibiyar ƙwayar halitta, ya sa a ƙara yawan mitokondiri da famfunan sodiyom da potasiyom, sai ƙwayar ta ƙara cin oksijen ko da tsuntsun yana hutawa.

A nan ya kamata mu yi hattara. Tsuntsaye ba su da kitsen nan mai ruwan ƙasa da ɓera ke ƙonawa don ɗumi. Mafi yawan ɗuminsu daga makyarkyatar tsokar ƙirji yake fitowa. A ganinmu, T3 ba shi ke hura wutar nan take ba: murhun yake gyarawa cikin kwanaki, yadda tsoka za ta jure makyarkyata har asuba. Haka ma ƴaƴan tsuntsayen da ake ƙyanƙyashewa tsirara ba sa riƙe ɗumi sai ormon ɗin ya hau a hankali, alhali ɗan tsako yana samun hawan tun ranar ƙyanƙyasa.

Sanyi yana ɗaga T3. Yunwa da zafi suna saukar da shi. A Sahel saukar ce ta fi jan hankalinmu, domin a watan Afrilu duk ɗumin da jiki ya samar sai an fitar da shi ta haki, wato da ruwa.

Sauran batun awo. Jinin tsuntsu ba shi da furotin TBG mai riƙe tiroksin a jinin mutum. Rabin T4 yakan gushe cikin ƴan awowi, maimakon wajen kwana 7. Don haka ɗalibin da zai ɗebi jini dole ya rubuta sa'a, da ko tsuntsun ya ci abinci. In ba haka ba, ba za a iya gwada awon safe da na marece ba.