Aikin Kamfanin Magani: Mu Auna Kafin Yaro Ya Tafi

'Yan'uwa manoma, tun da ɓarayin dajin Rugu suka hana mu zuwa gonakin nesa, samarinmu na Babban Duhu da sauran ƙauyukan Batsari da Safana suna ta fita neman aiki. Waɗansu sun ji labarin kamfanonin yin magani, suna tambaya ko aikin yana da kyau. To, bari mu duba amfaninsa da wahalarsa.

Aikin iri uku ne. Akwai masu haɗa magani, waɗanda suka yi karatunsa a jami'a kamar ta Ahmadu Bello a Zariya. Akwai 'yan talla masu kai kaya asibitoci da shagunan kemis. Akwai kuma leburori masu zuba magani a kwali da loda mota. Yawancin yaranmu a kashi na uku za su shiga.

Amfaninsa

Albashi yana zuwa kowane wata, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a duk inda ma'aikata suka kai 25. Wanda aka ɗauka aikin dindindin yana da fansho: bisa dokar 2014, kamfani zai zuba masa kashi 10 cikin ɗari, shi kuma ya zuba 8. Yaro zai kuma koyi tsabta, da awo daidai, da kiyaye lokaci.

Wahalarsa

Na ɗaya, yawancin masana'antun suna Legas da Jihar Ogun, kaɗan ne a Kano. Kuɗin haya da abinci da mota sukan cinye albashin.

Na biyu, aikin yana iya ƙarewa ba zato. Yawancin sinadaran haɗa magani daga Indiya da Sin ake sayo su da dala. In dala ta yi tsada, sai a rage ma'aikata. A watan Agusta na 2023 ne GSK, kamfanin da muka sani da Panadol, ya sanar zai rufe harkarsa a Nijeriya bayan shekara fiye da 50.

Na uku, akwai jaraba. Ɗan talla yakan sami lada gwargwadon abin da ya sayar. A 2018 gidan BBC ya nuna yadda waɗansu ma'aikata suke sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. Gwamnati ta hana yinsa a watan Mayu na shekarar, hukumar NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da za mu yi

1. Yaro ya tambaya ko aikin na dindindin ne ko na wucin gadi, ya karɓi takardar ɗaukar aiki.
2. Ya lissafa abin da zai rage masa bayan haya da abinci.
3. Kada ya karɓi magani ya kawo ƙauye ya sayar ba lasisi.
4. Kada mu sayar da gona ko shanun huɗa domin kuɗin tafiyarsa.
5. Ya ci gaba da zubi a ƙungiyarmu, sunansa ya zauna a littafi.

In aikin ya ɗore, madalla. In ya ƙare, yaro zai tarar da gonarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.