Bindigar da Aka Fara Zana Ta a Gadon Asibiti

Duk inda 'yan mazan jiya suka haɗu, ko a Amurka ko a Rasha ko a Biyetnam, idan hira ta yi nisa sai an taɓo gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: tsakanin AK-47 da M16, wacce ce bindiga? Wasu su ce AK ko a taɓo ka binne ta, ranar da ka tono za ta tashi. Wasu su ce M16 ba ta da nauyi, kuma abin da ka saita shi za ta samu. Mutum biyun da suka ƙera bindigogin nan sun taɓa zama wuri ɗaya suna raha, kuma hanyar da ta kai su ga wannan zama ta faro ne daga irin wannan hira ta sojoji.

A watan Oktoba na 1941, sojojin Jamus na Hitila suna dannawa zuwa Mosko. A gumurzun da aka yi kusa da birnin Bryansk, harsashi ya sami wata tankar yaƙi ta Tarayyar Sobiyet, ya raunata sajan da ke jagorantarta a kafaɗa. Sunansa Mikhail Kalashnikov, bai cika shekara 22 ba. Aka kwantar da shi a asibitin soja tare da sauran waɗanda suka ji ciwo, kuma a ɗakin nan ba a hirar komai sai ta yaƙi. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, wata rana sojan da ke gadon kusa da shi ya yi tambayar da ta tsaya masa a rai: me ya sa su wani lokaci mutum biyu ko uku ke raba bindiga ɗaya, alhali Jamusawa na ɗauke da masu sarrafa kansu? Yawancin sojojin Sobiyet a lokacin suna riƙe da Mosin-Nagant, ƙirar 1891, mai cin harsashi biyar, wadda sai an ɗana ta da hannu bayan kowane harbi. Sajan ya nemi takarda da fensir, ya fara zane yana kwance.

Ba injiniya ba ne. An haife shi ranar 10 ga Nuwamba 1919 a ƙauyen Kurya na yankin Altai, shi ne na 17 cikin 'ya'ya 19 na wani manomi, kuma fiye da rabin 'ya'yan ba su rayu ba. A 1930 gwamnatin Stalin ta lissafa mahaifinsa cikin manoma masu hali, ta ƙwace dukiyarsu, ta kore su zuwa dajin Saiberiya a yankin Tomsk, inda uban ya rasu ba da jimawa ba. Yaron ya tsere daga can da takardun da ya buga wa hatimin jabu na ƙirar hannunsa, ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa ta Matai a Kazakistan. Wannan tarihi ya ɓoye shi shekaru da dama, har bayan ya yi suna, don ɗan korarre ba ya samun shiga masana'antar makamai. Da aka ɗauke shi soja a 1938, hannunsa ya nuna: ya ƙera na'urar lissafa awoyin da injin tanka ya yi yana aiki, har Janar Zhukov ya ba shi kyautar agogon hannu.

Da aka ba shi hutun jinya sai ya zarce Matai, ya roƙi tsofaffin abokan aikinsa, suka ƙera masa abin da ya zana a makerar gyaran jiragen ƙasa. Hukumar soja ta duba wannan bindiga ta farko ta ce ba ta yi ba. Amma masanan da suka juya ta a hannu sun ga akwai basira, suka tura shi filin gwajin makamai na Shchurovo, kusa da Kolomna. A can ya ga yadda ake gasa wa bindiga aya a hannu: a ja ta cikin yashi, a jiƙa ta, a cika ta da ƙura, a sako ta daga sama kan siminti, sannan a ce ta yi harbi.

Bayan yaƙi aka buɗe gasar ƙera bindigar da za ta yi amfani da sabon harsashi na 1943, mai faɗin milimita 7.62 da kwanso mai tsawon milimita 39. Wanda ake ganin zai lashe, Alexei Sudayev, ya rasu a 1946. Kalashnikov ya tafi masana'antar Kovrov, inda shi da wani matashin mai zane, Aleksandr Zaitsev, suka wargaza ƙirar da ya fara shiga gasa da ita, suka sake ta kusan daga tushe, suna ɗaukar dabarun da suka ga sun yi aiki a bindigogin wasu. A zagayen ƙarshe, tasu ba ita ta fi iya saiti ba, amma ita ce ta ƙi cijewa. A 1949 rundunar Sobiyet ta karɓe ta, aka shiga ƙera ta a birnin Izhevsk; ita ce AK-47.

Sirrinta bai wuce abin da majinyatan nan suke nema ba. Masu ƙira na lokacin suna alfahari da sassan da suka kama juna tsam. Shi kuwa ya bar rata da gangan tsakanin sassan da ke motsi, don yashi da laka su sami wurin faɗawa maimakon su maƙale. Hayaƙin da ke biyo harsashi shi ke tura wani ƙarfe mai nauyi baya da ƙarfi, ya fitar da kwanson da aka harba, ya ɗora sabo. Gidan harsashinta na cin 30, tana iya fitar da kusan 600 a minti ɗaya, kuma ana kwance ta a ɗaura ba tare da sukundireba ba. Kalashnikov yakan ce ya yi ta ne don soja, kuma soja ba digiri yake da shi ba.

A ɗaya ɓangaren duniya akwai Eugene Stoner, haifaffen jihar Indiana a 1922, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar kundumbalar Amurka yana kula da makaman jiragen sama. Shi ma bai yi jami'a ba. A kamfanin ArmaLite ya ɗauko alminiyom da roba, kayan da aka saba gani a jirgin sama, ya ƙera AR-15 mai ƙaramin harsashi na milimita 5.56. Kamfanin Colt ya sayi ƙirar a 1959. A wajen wata liyafar ranar 'yancin kai ta 1960 aka miƙa wa Janar Curtis LeMay na rundunar sama ita, ya harbi kankana ya ga yadda ta tarwatse, nan take ya ce yana so. Ita ce ta zama M16.

A dajin Biyetnam bindigogin biyu suka haɗu, kuma nan ne mafi yawan labaran da 'yan mazan jiyan Amurka ke bayarwa suka samo asali. Da sojoji suka ga baƙar roba a hannunsu, sai magana ta bazu cewa kamfanin kayan wasan yara na Mattel ne ya yi ta. Ba gaskiya ba ce, amma har yau akwai tsofaffin da za su rantse sun ga tambarin da idonsu. Abin da yake gaskiya ya fi wannan muni. Hukumar soja ta sauya albarushin da Stoner ya gina bindigar a kansa, ta kawo wani mai yawan dauɗa da ke sa ta gudu fiye da ƙima. Ba a shafe cikin mazaunin harsashi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, ga ƙasa mai ruwa da danshi. Sannan aka raba ta ba isassun kayan wanki, wai ita ke wanke kanta. Ana tsakiyar musayar wuta kwanso zai maƙale, soja ya koma zura tsinken ƙarfe ta baki yana zungurowa.

A bazarar 1967, bayan faɗan tsaunukan da ke kusa da Khe Sanh, wani sojan kundumbala ya rubuto wasiƙa gida, ta kai hannun ɗan majalisa James Howard na jihar New Jersey, ya karanta ta a zauren majalisa. Sojan ya ce su 72 suka fita a rukuninsu, 19 suka dawo, kuma kusan duk gawar da suka ɗauko sun tarar da bindigarta a kwance a gefe, mai ita ya mutu yana ƙoƙarin gyara. Majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, wanda rahotonsa na Oktoba 1967 ya ce sakacin da aka yi ya kusa zama laifin da za a hukunta. Daga nan aka gyara mazaunin harsashi, aka rage gudun bindigar, aka raba kayan wanki da ɗan littafin koyarwa mai zane-zane. Sojoji sun daɗe suna faɗin abin da ke faruwa kafin manya su saurara, ga shi kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Labarin da aka fi yawan maimaitawa a kan AK na Kanar David Hackworth ne, wanda ya jagoranci bataliyar Amurka a fadamun kogin Mekong a 1969. Ya ce katafila na share fili sai ta tono gawar wani mayaƙin Biyetkon, abokan gabarsu, tare da bindigarsa, sun daɗe cikin taɓo. Ya zaro ta, ya ɗana, ya kira yaransa su zo su ga yadda bindigar sojan ƙasa take aiki, ya ja kunama, harsashi 30 suka fita ba tangarɗa.

Duk wannan lokaci Kalashnikov na zaune a Izhevsk, birnin da aka haramta wa baƙi shiga, shi kuma ba ya fita waje. Wani Ba'amurke masanin tarihin makamai, Edward Ezell na cibiyar Smithsonian, ya shafe shekaru yana aika masa da wasiƙa. Da ƙofa ta fara buɗewa a zamanin Gorbachev, Ezell ya shirya abin da a da ba mai tunaninsa. A watan Mayu na 1990 Kalashnikov, yana da shekara 70, ya sauka a Washington, ya haɗu da Stoner mai 67. Babu mai jin yaren wani, sai da tafinta. Aka kai su wani filin harbi a jihar Virginia, aka ɗauki hirarsu a bidiyo, kowa ya kwance bindigar ɗan'uwansa yana duba cikinta, kowa ya harba ta wani. Sojojin da suka riƙe waɗannan makamai sun kashe juna a nahiyoyi uku, masu ƙirar kuwa suka rabu suna abokai.

Wani abu ɗaya ya tsaya wa Kalashnikov. Stoner na karɓar kaso a kan bindigogin da aka sayar, ya zama attajiri, har jirgin sama yake da shi. Shi kuwa ƙirarsa mallakar gwamnati ce, lambobin yabo yake da su da albashi da ɗan gidan haya na hukuma. An ruwaito yana cewa Stoner na da jirginsa, shi ko kuɗin tikiti ba zai iya biya ba. Alhali Tarayyar Sobiyet ta ba Sin da Jamus ta Gabas da Poland da Romaniya da Bulgeriya da Masar da Koriya ta Arewa damar ƙera ta, har wani bincike na Bankin Duniya a 2007 ya kiyasta cewa cikin bindigogi kusan miliyan 500 da ke duniya, kimanin miliyan 100 dangin Kalashnikov ne. Mozambik ta sa hotonta a tutarta. Sauƙin nan da aka yi don ɗan ƙauyen Rasha ya kare gidansa shi ne ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya koyonta cikin yini guda, kuma shi ya sa mutanen Zamfara da Borno da Diffa suka san ƙararta ba tare da sun taɓa jin sunan Izhevsk ba.

Stoner ya rasu a Florida a watan Afrilu na 1997. Kalashnikov ya kai muƙamin laftanar janar, kuma shekara da shekaru amsarsa ga 'yan jarida ɗaya ce: shi don kare ƙasarsa ya yi, a tuhumi Jamusawan da suka kawo hari da 'yan siyasar da suka kasa sasantawa, barcinsa yake yi lafiya lau. Amma a wata ziyara da ya kai Jamus a 2002 ya ce da ya fi son a ce wani abu ya ƙirƙiro da zai taimaki manoma, ko da injin yankan ciyawa ne. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 yana da shekara 94.

Makonni kaɗan bayan haka, a Janairu 2014, jaridar Izvestia ta buga wata wasiƙa da ya aika wa shugaban Cocin Otodoks na Rasha, Kirill, kafin rasuwarsa. A ciki tsohon ya ce zafin da ke ransa ya fi ƙarfinsa, kuma tambaya ɗaya ta hana shi sakat: tunda bindigarsa ta ɗauki rayuka, shin alhakin mutuwarsu na kansa, ko da maƙiya ne? Kakakin cocin ya ce an amsa masa cewa makamin da aka yi don kare ƙasa, coci na goyon bayan wanda ya ƙera shi da sojan da ya ɗauke shi. Amsar ta tsaya a kan sojojin Rasha, ba ta ce komai ba game da sauran hannuwan da bindigar ta faɗa.

A Satumba 2017 aka kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar Mosko, yana rungume da AK. Kwanaki kaɗan da buɗewa, masana bindiga suka lura cewa ɗaya daga cikin zane-zanen da aka sassaƙa a jikin ginin na StG 44 ne, bindigar sojojin Hitila. Hukuma ta turo ma'aikaci da injin yankan ƙarfe ya cire wurin.