Albarushin Damagaram: yadda turmi da taɓarya suka girgiza ƙasar Magarya da Dungas

Jama'a, ƙarar bindigar da muke ji ranar hawan salla ko naɗin sarauta, yau ta murna ce. Shekara 150 baya, in aka ji ta a ƙauyukan Magarya da Dungas, uwa goya ɗanta take ta nufi daji. Albarushin da ke cikin bindigogin nan kuwa ba duka daga ƙasar Larabawa ya zo ba. A Damagaram ake haɗa shi.

Aikin ya bunƙasa ne zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi sarauta karo na biyu daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya kafa rundunar ƴan bindiga, akasarinsu bayin sarki, ya sa maƙera zuba igwa a gida. Wasu marubuta tarihi sun ƙiyasta makamansa da bindiga 6,000 da igwa 40. To, bindiga babu albarushi ai sanda ce, kuma sarkin da zai jira ayari ya ƙetaro Sahara kafin ya yi harbi bai shirya yaƙi ba.

Abu uku ake haɗawa. Na farko gawayi, amma ba kowane ba: marar nauyi ake so, irin na tumfafiya, wannan dai da ke tsiro a kufai ba mai kula ta. Na biyu farar wuta. Ita ce ta waje, fatake ke kawo ta da raƙuma ta hanyar Tarabulus da Abzin, su sauke a Zango. Na uku shi ne mai yawan, wajen kashi uku cikin huɗu: wani farin gishiri da ke tsatsowa a ƙasar tsohon turke da gindin tsohon bango, wanda Nasara ke kira salpetir. Ba kanwa ba ce, ba kuma manda ba, ko da yake aikinsa ya yi kama da nasu: a kankaro ƙasa, a tace da ruwa, a dafa, a bari ya daskare. Shi ke ba wutar iska daga cikin garin kansa, shi ya sa albarushi ke kamawa ko da an danne shi cikin bututun ƙarfe.

Ƴan uwanmu da ke Turai ko Amurka wataƙila sun ga tsofaffin masana'antun albarushi na can. A ƙauye ake gina su, bakin rafi, ruwa na juya dutsen niƙa. Ɗakunan a warwatse suke, nesa da juna, kuma da gangan ake yi wa ɗaki bango mai kauri ta gefe uku, a bar gefe ɗaya da rufi sakayau, don in ta fashe ƙarfin ya fita ta inda ba mutane. Da jini suka koyi wannan. A 1794 masana'antar Grenelle ta tashi a Paris, ɗaruruwan mutane suka hallaka. Mu a nan babu rafin da zai juya dutse shekara zagaye. Injinmu hannun mutum ne, da turmi da taɓarya na itace, don ƙarfe in ya gogi dutse tartsatsi yake yi. Ana yayyafa ruwa ana daka, a shanya, sannan a adana inda laima ba ta kai. Wurin irin wannan aiki rumfa ce da ɗakin ƙasa, abin da damina kaɗan ke mayarwa fili. Saboda haka wanda ya je Birni yau, abin da zai gani na zamanin shi ne fadar sarki da guntayen ganuwa.

Ina ruwan Magarya da Dungas? Ruwansu da tsaki. Dungas da Waca da Mirya ƙasashen Sosebaki ne, masu sarakunansu tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi, kuma duk sun koma ƙarƙashinta suna kai gaisuwa. Magarya kuwa gidan sarautar Daura ne, na zuriyar da jihadi ya fitar daga birninsu, waɗanda suka rabu tsakanin Zango da Ɓaure da Magarya a inuwar Damagaram. Ga Kano a kudu. Kun ga ke nan ƙasarmu ce tsakanin giwaye biyu. Lokacin da Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har kusa da Kano a 1898, ta wannan kudancin rundunarsa ta gangara.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wajen kirari ba. Bindiga da farar wuta ba kyauta Larabawa ke kawowa ba. Cikin abin da ake biya da shi har da mutane, waɗanda aka kamo a hari aka kora arewa. Baturen Ingila James Richardson, da ya zauna Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ake shigowa gari da kamammu. A ganina, mai alfahari da igwar Tanimu ya kamata ya riƙe wannan ma, don ba mamaki kakan wani mai sauraronmu na cikin waɗanda aka biya da su.

Ƙarshen abin ya zo da sauri. Bindigar ɗure sai an zuba gari, an danna, an sa harsashi kafin a harba sau ɗaya, ga hayaƙi ya rufe ido. Ranar 30 ga Yuli 1899, a Tirmini, yamma da Damagaram, rundunar Kuran Daga ta gamu da sojan Faransa masu bindigogin zamani, aka fatattake ta, Nasara suka shiga Birni. Daga nan albarushi ya bar hannun sarki ya koma na maharba da ƴan bindigar biki.

Har yau akwai masu haɗa shi a gida, kuma halinsa bai sake ba. Turawa da ɗakunansu na dutse ma nesanta shi suka yi da mutane, balle mu da ke ajiye shi a ɗakin kara, kusa da murhu, yara na shiga suna fita. In da mai wannan sana'a a gidanku, a ware masa wuri bayan gari, nesa da rumbu.